Hasumiya ko Kujerar Matuƙi? Tambayoyi da Amsoshi ga Matasan Kano Masu Sha'awar Aikin Jiragen Sama

Tun shekarar 1925 da jiragen sojan Ingila suka fara sauka a Kano, garin nan bai rabu da harkar jirgin sama ba. Yaron da ya tashi a Kurna, ko Fagge, ko Sabon Gari, da ƙugin jirgi ya saba, kuma in ka tambaye shi abin da yake so ya zama, sau da yawa matuƙi zai ce maka. Kaɗan ne suka san cewa akwai wani mutum a ƙasa wanda matuƙin ba ya motsa jirgi sai da izininsa. Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai da iyaye suka fi yi a kan ayyukan biyu.

Mene ne ainihin aikin mai kula da zirga-zirgar jirage? Shi ne mai ɗaga sanduna a gaban jirgi?

A'a. Mai sandunan nan jirgi kawai yake nuna wa wurin tsayawa. Mai kula da zirga-zirga, wanda 'yan harkar ke ce wa kwanturola, aikinsa shi ne hana jirage haɗuwa da juna, a sama da ƙasa, da jera su yadda kowa zai tashi ya sauka a kan tsari.

Aikin hawa uku ne. Na hasumiya yana kula da titin jirgi da abin da idonsa ke gani: wa zai tashi, wa zai sauka, wace mota za ta tsallaka titin. Na biyu yana karɓar jiragen da suka doso gari, ya sauko da su daki-daki, ya jera su bayan juna. Na uku yana cikin ɗaki marar taga, yana kula da jiragen da ke can ƙololuwa, har da waɗanda ba za su sauka Najeriya ba sam, misali wanda ya taso daga Turai zai wuce kudancin Afirka. A nan Kano take da matsayi na musamman: a taswirar jiragen duniya, sararin samaniyar Najeriya gaba ɗaya da sunan Kano ake kiransa, kuma manyan cibiyoyin kula da shi biyu ne, ɗaya a Kano, ɗaya a Legas.

Wa ke ɗaukar kowannensu aiki?

Kwanturolan farar hula kusan duk ma'aikatan hukumar NAMA ne, wadda aka kafa da dokar 1999 don kula da sararin samaniyar ƙasar. Matuƙi kuwa kamfani ne ke ɗaukarsa: irin su Max Air, Rano Air, Air Peace, ko kamfanonin jiragen haya da na masu saukar ungulu. Lasisin dukkansu daga NCAA, hukumar da ke sa ido kan harkar jiragen sama, yake fitowa. FAAN ita ce mai filin jirgi da gine-ginensa, NiMet kuma ita ke ba da bayanin yanayi. Ɗalibai kan rikita waɗannan sunaye a wajen ganawar ɗaukar aiki, kuma masu tambaya na lura da haka.

Wannan bambanci na mai ɗauka shi ne tushen kusan duk sauran bambance-bambancen. Matuƙi shi ke sayen horonsa, sannan ya fita neman aiki. Kwanturola sai an ɗauke shi aiki tukuna ake horar da shi. Na farko ƙofarsa a buɗe take ga mai kuɗi, amma ba tabbas a ƙarshen hanya. Na biyu ƙofarsa ƙunci gare ta, ba kullum ake buɗe ta ba, amma wanda ya shiga ya san inda ya dosa.

Wane karatu ake buƙata kafin a fara?

Don tuƙi, takardar sakandare ta isa a nemi gurbi: kiredit 5, ciki har da Turanci, Lissafi da Fiziks. Makarantun da aka fi sani a gida su ne kwalejin NCAT ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da kwalejin jiragen sama ta Ilori. Akwai jarrabawar shiga da ganawa. Duk da haka muna ba da shawarar a haɗa da digiri, ko kafin horon ko bayansa, saboda dalilin da zai zo a tambayar lafiyar jiki.

Don hasumiya, abin da aka saba shi ne digiri a fannin kimiyya, kamar Fiziks, Lissafi, Jogarafi, kwamfuta ko injiniyanci, da takardar gama hidimar ƙasa. Wanda ke BUK ko Wudil yana karanta ɗaya daga cikin waɗannan yana kan hanya ke nan. A riƙa karanta sharuɗɗan sanarwar ɗaukar aiki da kyau, domin iyakar shekaru da matakin digiri kan canja daga wannan ɗauka zuwa waccan. Mafi ƙarancin shekarun riƙe lasisin kwanturola 21 ne.

Matakan zama matuƙi fa, daga farko zuwa ƙarshe?

Ana farawa da aji: dokokin sama, yanayi, lissafin hanya, injin jirgi, nauyi da daidaiton kaya, da yadda jikin ɗan'adam ke yi a sama. Sai tashi da malami a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, har ranar da malamin zai sauka ya ce ka zaga kai kaɗai.

Lasisi uku ne. Na farko, PPL, yana buƙatar shekara 17 da aƙalla awa 40 a sama, kuma ba a karɓar kuɗin aiki da shi. Na biyu, CPL, shi ne na sana'a: shekara 18 da awa 200, ko 150 in an bi cikakken kwas ɗin makarantar da aka amince da ita. A kan wannan ake ƙara shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, wato cikin gajimare ko hazo inda ba a ganin komai, da shaidar jirgi mai inji biyu. Na uku, ATPL, shi ne na kyaftin ɗin babban jirgin fasinja: shekara 21 da awa 1,500.

A kan takarda, horon zuwa CPL bai kamata ya wuce shekara 2 ba. A zahiri yakan ja. Jirgin koyo ya lalace ana jiran kayan gyara daga waje, man ƙananan jirage ya yanke, ɗalibai sun yi wa malamai yawa, ko hazo ya rufe gari. Ɗalibi a matakin farko da ido yake tuƙi, don haka in hunturu ya kankama daga Disamba zuwa Fabrairu, ana iya yin makonni ba a tashi ba. Dogon hutu kuma yana sa hannu ya yi sanyi, sai a maimaita darasin da aka riga aka biya.

To in na samu CPL, shi ke nan na zama matuƙin Max Air ko Air Peace?

A nan ne mutane da yawa suka ci tuwon wahala, don haka a karanta da natsuwa.

Mai sabon CPL ya iya ƙaramin jirgi mai kujera 4. Kamfani kuwa Boeing 737 gare shi, ko Embraer 145, ko Airbus A320. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da horonsa na daban da shaidarsa ta daban, wadda ake kira taif-retin: makonni a aji, sa'o'i a na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan tashi da sauka a jirgin gaske. Kuɗinsa da dala ake faɗa, dubun-dubatanta, kuma galibi sai an fita waje. Shaidar 737 ba ta aiki a kan A320. Mafi muni, in ka saya da kuɗinka ba ka samu aiki da wuri ba, ƙwarewar na tsufa, sai ka sake biyan kuɗin sabuntawa.

Ga kuma matsalar awoyi. Kamfani na son mai ɗaruruwan awoyi a kan babban jirgi, kai kuma ba ka da inda za ka tara su sai kamfani ya ɗauke ka. Kanawa sun ga wannan da idonsu: a 2013 gwamnatin jiha ta tura matasa 100 koyon tuƙi a ƙasar Jodan, sun dawo da lasisi, amma da dama sun daɗe suna jira saboda rashin taif-retin. Horon bai zama asara ba, domin wasunsu suna tuƙi yau. Darasin shi ne, duk mai tsara kuɗin wannan karatu, uba ne ko gwamnati, ya lissafa har zuwa kujerar aiki ta farko, ba ranar yaye ɗalibai ba.

Hanyoyin fita daga wannan rami: zama malamin tuƙi a makaranta don tara awoyi, shiga ƙananan kamfanonin haya, ko samun kamfanin da zai biya taif-retin a kan yarjejeniyar za ka yi masa aiki wasu shekaru. Irin wannan yarjejeniya a kai wa lauya ya duba kafin a sa hannu, musamman abin da za a biya in an bar aiki kafin wa'adi, da abin da zai faru in kamfanin ne ya ajiye jiragensa.

Nawa ake kashewa?

Kuɗin CPL, ko a gida, maganar miliyoyin naira ce masu yawa, kuma yana bin farashin dala, domin jirgi da kayan gyaransa da mansa duk daga waje suke. A nemi farashin shekarar daga makarantar kai tsaye, a rubuce. Tambayoyin da za a yi: kuɗin ya haɗa da masauki da abinci? Awa nawa ya ƙunsa, kuma nawa ne kowace ƙarin awa? Kuɗin jarrabawar NCAA na ciki? Jirage nawa ne ke tashi yau, ba nawa aka saya ba? Wanda zai tafi Afirka ta Kudu ko Amurka ya tuna cewa in ya dawo sai ya juya lasisinsa zuwa na Najeriya, da jarrabawarsa da kuɗinsa.

Kada a sayar da gidan gado ko gona kafin a yi gwajin lafiya. Kuma in makarantar waje ce mai zaman kanta, kada a zuba kuɗin gaba ɗaya, a riƙa biya mataki-mataki.

Kwanturolan da aka ɗauka aiki, hukumarsa ke ɗaukar nauyin horonsa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbin aiki, a guje shi.

Akwai hanyar koyon tuƙi ba da kuɗin aljihu ba?

Akwai ta soja. Rundunar sojan sama na horar da matuƙanta, kuma tana da makarantar horon tuƙi a Kaduna da kuma nan Kano. Sai dai wanda ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja, soja ya shiga zama, ba matuƙi ba. Rundunar ce ke zaɓen wanda zai tuƙa, akwai shekarun hidima na dole, akwai fagen fama. Wanda ba ya son kaki don kansa kada ya ɗauke shi gajeriyar hanya. Sai kuma tallafin gwamnatoci da na wasu kamfanoni, wanda kan zo jefi-jefi.

Yaya horon kwanturola yake?

Bayan ɗauka, sai Zariya. Darussan farko sun yi kama da na matuƙi: dokoki, yanayi, hanyoyin sama, sanin jirage da gudun kowanne. Sai na'urar kwaikwayo, inda malamai ke zama matuƙan ƙarya suna ƙara maka jirage har sai ka fara gumi, sannan su jefo maka gaggawa: wannan injinsa ya mutu, wancan rediyonsa ya ɗauke.

Gama makaranta ba ya ba ka makirfo. Sai an tura ka tasha ka yi aiki a ƙarƙashin ƙwararre wanda ke sauraron duk kalmar da ka furta, yana iya katse ka nan take. Ƙa'idar duniya ta ce aƙalla awa 90 ko wata 1 don shaidar hasumiya, awa 180 ko wata 3 don shaidar rada, wato na'urar da ke nuna jirage a allo, amma a aikace ya fi haka. Kowace shaida a ɗaure take da tasharta: wanda ya ƙware a Kano in aka mayar da shi Fatakwal sai ya sake koyon sararin can an gwada shi. In kuma ya yi watanni bai zauna kujerar ba, shaidar ta faɗi sai an sabunta.

A sani tun yanzu, aikin tarayya ne. Ana iya tura Bakano Maiduguri, ko Kalaba, ko Sakkwato.

Me ke sa a ce aikin hasumiya na da wahala, alhali mutum a zaune yake?

Lissafi kaɗan zai nuna. Jirgin fasinja a sama yana cin kusan mil 7 da rabi na ruwa a minti ɗaya. Biyu masu fuskantar juna suna rage tazarar mil 15 a minti. Tazarar da aka saba bari tsakanin jirage a kan rada mil 5 ce, kusan kilomita 9. Ke nan daƙiƙa 20 ce tsakanin daidai da hatsari. Ta tsaye kuma ƙafa 1,000 ake bari. Shi ya sa jirgin da ya nufi gabas, kamar na Jidda, ake ba shi tsayi mara, 35,000 ko 37,000, mai dawowa yamma kuma cika, 36,000 ko 38,000.

Kwanturola ba abin da ke gabansa yake kallo ba, abin da zai faru nan da minti 5 ko 10 yake gani a ransa, na jirage da yawa lokaci guda, kowanne da gudunsa da tsayinsa. In rada ta ɗauke, sai ya koma tsohon tsari: matuƙa su riƙa faɗin inda suke, shi kuma ya raba su da lokaci, misali minti 10 tsakanin masu bin hanya ɗaya, hoton duka a cikin kansa da 'yan takardun da ke gabansa. Wannan baiwa ce da ba kowane mai digiri mai daraja ta ɗaya ke da ita ba. Ana samun haziƙin ɗalibi ya kasa a na'urar kwaikwayo, matsakaici ya wuce.

Yawancin kurakurai kuma ba a lokacin cunkoso suke faruwa ba. Sukan zo bayan cunkoson ya lafa hankali ya saki, ko wajen miƙa aiki in wanda zai tashi ya manta bai faɗi wani abu ba, ko in jirage biyu masu lamba kusan iri ɗaya suna kan mita ɗaya, wannan ya amsa umarnin wancan. Maganinsa shi ne dokar maimaitawa: matuƙi ya maimaita umarni, kwanturola ya saurara da kunnen neman kuskure. Ɗauki awon nauyin iska da ake ba matuƙi ya saita ma'aunin tsayinsa. In an ce 1003 ya ji 1013, bambancin 10 ɗin nan zai sa ma'auninsa ya nuna masa yana sama da inda yake da kusan ƙafa 280. A cikin hazo, dab da sauka, wannan ya isa.

Wa ke da iko a kan wani, matuƙi ko kwanturola?

Matuƙi na bin umarnin kwanturola, amma kyaftin ke da magana ta ƙarshe a kan lafiyar jirginsa. Yana iya cewa ba zai iya ba, kuma a gaggawa yana iya kauce wa umarni ya yi bayani daga baya. Akwai ma wurin da doka ta tilasta masa ƙin bin kwanturola: in na'urar kauce wa karo da ke cikin jirgi ta ce hau ko sauka, ita zai bi. An tsaurara wannan ne bayan karon da jirage biyu suka yi a saman kudancin Jamus a 2002, inda ɗaya ya bi na'urarsa, ɗayan ya bi umarnin ƙasa, mutum 71 suka rasu.

Gwajin lafiya: me ke hana mutum?

Wannan shi ne matakin farko ga kowa, kafin fom, kafin kuɗin makaranta. Ba kowane likita ke yin sa ba, sai wanda NCAA ta amince da shi. Matuƙin sana'a takardar lafiya aji na 1 yake buƙata, ana sabuntawa duk shekara, a wasu yanayi duk wata 6 in shekaru sun ja. Kwanturola aji na 3.

Tabarau ba ya hanawa, matuƙar yana gyara gani zuwa yadda ake so. Abin da ya fi kayar da matasa shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, kuma da yawa ba su san suna da shi ba sai an buɗe musu littafin gwajin launi mai ɗige-ɗige. Yana shafar ayyukan biyu, domin fitilun titin jirgi da allon rada duk da launi suke magana. Farfaɗiya na hanawa. Mai sikila da wuya ya wuce aji na 1, saboda ƙarancin iskar shaƙa a sama na iya tayar da ciwon, amma mai AS ba a hana shi don wannan kaɗai. Hawan jini da ciwon suga ya danganta da yadda aka shawo kansu da irin maganin da ake sha. Ana gwada ji, ana gwada zuciya. I'ina mai tsanani matsala ce, tunda rediyo ne kayan aiki.

Ana gwajin ƙwaya, kuma ana yin sa ba zato ko bayan an fara aiki. Tiramadol, kodin, wiwi, duk suna fitowa. Ko maganin mura mai sa barci ba a shan sa a hau aiki. Ɓoye wa likita ciwo kuma ya fi ciwon haɗari ga lasisi.

Dalilin shawarar digiri ke nan: matuƙi na iya wayar gari yana da shekara 38 likita ya ce zuciyarsa ba ta yarda ba. Kwanturolan da ya rasa takardar lafiya yana nan ma'aikacin hukuma, ana iya mayar da shi ofis ko koyarwa. Matuƙin kamfani ba shi da wannan tabbacin.

Turancina ba shi da ƙarfi. Zan iya?

Za ka iya, in ka tashi tsaye tun yanzu. Dukkan ayyukan na buƙatar mataki na 4 cikin 6 a gwajin Turancin jiragen sama, kuma mai mataki na 4 yana sake gwajin duk shekara 3. Ba a neman karin harshen Bature. Ana neman a ji ka sarai, kai ma ka ji matuƙin Habasha, da na Masar, da na Turkiyya, kowa da lafazinsa, ta rediyo mai ƙara. Kalmomin aiki na yau da kullum ƙayyadaddu ne, haddace su ba wuya ga wanda ya yi makarantar allo. Inda ake faɗuwa shi ne in abin da ba ya cikin littafi ya faru, misali fasinja na naƙuda ko tsuntsu ya shiga inji, dole a yi bayani da Turancin baki. Bahaushe ya kula da rarrabe harafin p da f, da kuma furta lambobi ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa.

Yanayin Kano na da wani tasiri a kan aikin?

Sosai. Babban titin filin Malam Aminu Kano lambarsa 06 ta wannan kai, 24 ta wancan, wato ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Jirgi na tashi da sauka yana fuskantar iska, don haka da hunturu, lokacin da iska ke busowa daga arewa maso gabas, 06 aka fi amfani da shi, da damina kuma 24.

Hazo ne babban abokin gaba. Na'urar saukar da jirgi ta matakin farko tana kawo matuƙi har ƙafa 200 daga ƙasa, in bai ga titi ko fitilunsa ba a nan, dole ya sake hawa. Sai jirage su taru suna zagaye, kowa na lissafin mansa, kwanturola na neman wa zai fara gwadawa, wa zai juya Abuja. Fasinja na ganin jinkiri kawai. Tsofaffin Kano kuwa ba su manta da Janairun 1973 ba, lokacin da jirgin alhazai ƙirar Boeing 707 ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu.

Bazara na da nata. Kano na sama da teku da kusan ƙafa 1,500, in zafi ya kai digiri 40 iska na yin sirara, inji ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, jirgi ya buƙaci titi mai tsawo. Shi ya sa da tsakar rana a watan Afrilu ake iya rage kaya, kuma shi ya sa matuƙi ke sake lissafin nauyi a kowane tashi. Farkon damina kuma hadari kan taso daga gabas da guguwa, iska ta juya cikin mintuna.

Rayuwar iyali da ibada fa?

Kwanturola a garin da yake aiki yake kwana, amma aikin karɓa-karɓa ne: safe, yamma, dare, ba ruwansa da Juma'a ko ranar Sallah. Lokacin jigilar alhazai dare kan zama kamar rana. Ba a barin kujera sai wani ya karɓa, don haka salla da buɗa-baki da tsarin hutu ake haɗa su, abokan aiki na karɓar juna. Aikin dare na shekaru yana cin jiki, barci da hawan jini su ne abin lura.

Matuƙi dokar ta taƙaita masa tuƙi, wajen awa 100 a wata da 1,000 a shekara, amma awoyin aiki sun fi na tuƙi yawa. Yawancin kamfanoni a Legas ko Abuja suke ajiye ma'aikatansu, kwanan otal kuma ya zama jiki. Duk wata 6 sai ya koma na'urar kwaikwayo an gwada shi, har ranar da zai ajiye aiki. Wanda ba ya son jarrabawa ya sani ba ta ƙarewa a ayyukan nan biyu.

Ni mahaifi ne, 'yata ce ke so. Aikin ya dace da mace?

Alhaji, doka ba ta bambanta ba, kuma mata na yin duka biyun a Najeriya. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin sana'a a ƙasar nan, har shugabancin kwalejin Zariya ta riƙe. Abin dubawa na zahiri shi ne kwanan waje ga matuƙiya, aikin dare da yiwuwar canjin gari ga kwanturola, da kuma cewa juna biyu na sa a dakatar da tuƙi na wani lokaci bisa shawarar likita. A zauna da ita a tattauna waɗannan tun kafin a biya kuɗi, a kuma kai ta ta ga mata masu aikin ta tambaye su da bakinta.

Wanne ya fi albashi?

Kyaftin ya fi kwanturola samu nesa ba kusa ba, kuma lasisinsa na iya kai shi kamfanonin ƙasashen Larabawa. Amma a auna da shekarun jira, da bashin horo, da yadda kamfanonin jirage a ƙasar nan ke tashi suna faɗuwa: Nigeria Airways ta tafi, Kabo da ta yi tashe a Kano ta yi shiru. Kwanturola albashin gwamnati yake ci da alawus na sana'a, ga fansho, yana ritaya a shekara 60 ko bayan shekara 35 na aiki. Matuƙin jirgin fasinja na iya kaiwa 65.

Zan iya fara hasumiya, in na tara kuɗi in koma tuƙi?

Ana yi, kuma sanin dokoki da rediyo na sauƙaƙa karatun aji. Sai dai awoyin hasumiya ba sa shiga littafin tuƙi, daga sifili za ka fara, kuma tara kuɗin CPL daga albashi abu ne mai ɗaukar shekaru. Ba ma son a shiga hasumiya da zuciyar ɗan haya. Wanda idonsa ke kan jirgin da ke tashi yana jin da ma shi ne a ciki, ba shi ne muke so ya riƙe jirage 8 a kansa da ƙarfe 3 na dare ba.

Ina aji biyar na sakandare. Me zan yi a bana?

Riƙe Lissafi da Fiziks da Turanci, ka ƙara da Jogarafi in makarantarku na yi. Je asibitin ido a gwada maka launi, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ka san nau'in jininka, AA ne, AS ko SS. Saba wa kanka lissafin ka: jirgi na gudun mil 420 a awa, saura mil 70, minti nawa? In amsar 10 ta zo maka ba biro, ci gaba da irinsa kullum. Roƙi shugaban makarantarku ya rubuta wa hukumomin filin jirgi takardar neman ziyarar ɗalibai, ana karɓar irin wannan in an bi ƙa'ida. Zariya kuma tafiyar wajen awa 2 ce daga Kano, ka je da wani babba, ku karɓi sharuɗɗan shiga da farashin bana daga ofishin rajista da hannunku.